Rubutun shafina ba ya karantuwa a waya

Malam ka ce ka haɗa wa shagon yayanka shafin intanet amma kwastomomi na ƙorafin rubutun ba ya karantuwa a waya, kuma ƙ da ɗ suna fitowa kamar ɗan akwati. Wannan akwatin daga font ɗin ne, wato salon haruffan da ka sa wa shafin, wanda ka ɗauka ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, ka koma Noto Sans ko Andika, duk kyauta suke a Google Fonts, sannan ka tabbata akwai UTF-8 (tsarin da ke sa a gane haruffan daidai) da lang="ha" (alamar cewa da Hausa aka rubuta shafin) a saman HTML ɗinka, wato lambobin da aka gina shafin da su.

Maganar kala kuwa nan yawancinmu muke faɗuwa wallahi, toka-toka a kan fari yana kyau a laftof cikin ɗaki amma mutum na tsaye cikin rana da ƙaramar Tecno ba abin da zai gani sai ƙyalli. Ƙa'idar WCAG, wadda aka yi don kowa ya iya amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin kalar rubutu da ta bayansa ya kai 4.5:1, manyan rubutu 3:1, ka shiga Contrast Checker na WebAIM ka zuba kalolin nan take zai faɗa maka. Girman rubutu kar ka yi ƙasa da 16px.

Don Allah hotunan kayan nan ka rubuta musu alt na gaske, wato ɗan bayanin abin da ke cikin hoton, misali "shadda ruwan goro mai zanen ganye", domin shi ne TalkBack, manhajar Android mai karanta allo da murya, ke karanta wa makaho, kuma in netwok ya ƙi shi ke fitowa a gurbin hoton. Kunna TalkBack a wayarka ka gwada yin oda da kanka, bayan nan ka bi shafin da Lighthouse na cikin Chrome, wanda ke duba shafi ya nuna maka matsalolinsa.