Amsa ga ƙanena: ko da Amurka ta soke harajin albashi, ba kai za ta sauƙaƙa wa ba

Ƙanena, na ga saƙonka da bidiyon da ka turo. Na zaɓi in amsa maka a fili ne saboda ba kai kaɗai ka yi mini wannan tambayar ba. Ka ce kuna ta gardama da abokanka da kuka gama jami'a tare a Aliero, wai Amurka na shirin soke harajin albashi ta koma karɓar haraji ɗaya tak a kan abin da mutum ya saya, ta yadda ma'aikaci zai riƙa ɗaukar albashinsa cif-cif. Kana son sanin ko gaskiya ne, ko hakan bai fi adalci ba, da kuma ko ka karkata neman digirinka na biyu zuwa Teksas tunda ka ji a nan ma ba a cire harajin albashi. A ƙarshe ka ce da wannan lissafin kake son shawo kan Baba ya sayar da fadamarmu. Wannan na ƙarshen ne ya hana ni jinkirta amsa.

Ba doka ba ce. Ƙudiri ne da ake kira FairTax, kuma ya daɗe yana yawo. Wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Jojiya, John Linder, ya fara gabatar da shi a 1999. Mike Huckabee ya yi yaƙin neman shugabancin ƙasa da shi a 2008. A Janairun 2023 wani ɗan majalisar daga Jojiya ɗin dai, Buddy Carter, ya sake kawo shi, ya kuma maimaita a 2025. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa kaiwa ga ƙuri'a a zauren majalisa ba, kuma ko a cikin jam'iyyar Republican da masu kawo shi suka fito, kakakin majalisar na 2023, Kevin McCarthy, ya fito ya ce ba ya goyon baya. Ga kuma tsarin mulki: gyara na 16 da aka amince da shi a 1913 shi ya bai wa gwamnatin tarayya ikon karɓar harajin kuɗin shiga, kuma cire gyara daga tsarin mulkin Amurka sai kashi uku cikin huɗu na jihohi sun yarda. Wanda ya sayar da gona a kan wannan ƙudiri ya yi cinikin biri a sama.

Amma tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, don haka a kanta zan tsaya.

Abin da ƙudirin ya tanada shi ne a soke harajin kuɗin shiga na mutane da na kamfanoni, da kuɗin da ake cirewa a albashi don fansho da lafiyar tsofaffi, da harajin gado, a kuma rufe hukumar haraji ta IRS. A madadinsu, duk sabon kaya ko aikin da aka biya kuɗi aka yi maka, a ɗora masa haraji. Masu bidiyonka sun ce kashi 23 cikin 100. Ka nemi alƙalami. Kayan dala 100 za ka biya dala 130 ne. Su suna auna dala 30 ɗin ne a cikin 130, shi ya ba su kashi 23. Kai da ke tsaye gaban mai kanti kashi 30 aka ƙara maka. Kuma a 2005 kwamitin da Shugaba George W. Bush ya kafa don duba gyaran haraji ya yi lissafinsa, ya ce ko harajin kuɗin shiga kaɗai za a maye, sai ƙarin ya kai kashi 34. Kwamitin bai ba da shawarar a ɗauki tsarin ba.

A nan Huston, a jihar Teksas, muna biyan harajin saye na kashi 8.25, wato 6.25 na jiha da 2 na ƙananan hukumomi, kuma ba a rubuta shi a jikin kaya. Za ka ɗauki takalmi an liƙa masa dala 100, ka ƙirga kuɗinka daidai, ka isa wurin biya na'ura ta nuna 108.25. Buhun shinkafa da ɗanyen nama da albasa babu haraji a kansu a Teksas, amma kazar da aka gasa ka ɗauko da zafinta akwai. A ƙarƙashin FairTax babu wannan rangwamen. Shinkafa, magani, ganin likita, kuɗin haya, duka za su ɗauki kashi 30 na tarayya, kuma na jiha yana nan inda yake. Ɗakin dala 800 ya koma 1,040.

Ba zan ɓoye maka abin da ke jan mutane gare shi ba, domin ina da abokan aiki masu hankali da ke son sa. Dokar harajin Amurka ta yi sarƙaƙiya har mutum mai digiri sai ya biya wani ko ya sayi manhaja kafin ya cike fom ɗinsa na shekara. Wanda ke aiki a ɓoye ba ya biyan harajin albashi, amma dole ya sayi abinci, to a nan za a kama shi. Abin da ka adana ba a taɓa shi. Kuɗin makaranta ƙudirin bai ɗora masa haraji ba, haka ma kayan da aka taɓa amfani da su. Har ma ni da ke turo wa Inna kuɗi duk wata, abin da na turo gida zai tsallake, tunda ba a nan aka kashe shi ba. Ta fuskar aljihuna kaɗai, wataƙila da na samu wani sauƙi. Duk da haka ba na goyon bayansa.

Dalilina shi ne wanda nauyin zai koma kansa. Masu ƙudirin sun san za a yi musu wannan ƙorafin, shi ya sa suka tanadi wani kuɗi da gwamnati za ta riƙa bai wa kowane gida duk wata, daidai da harajin abin da mutum ke kashewa har zuwa layin talauci. A 2025 layin na mutum ɗaya dala 15,650 ne a shekara, wato abin da zai samu ya kama kusan dala 300 a wata. To bari mu ɗauki mutum uku a matsayin misali. Mai share-share da ke samun dala 2,000 a wata yana kashe su duka: harajinsa 460, a cire 300, saura 160, kashi 8 na samunsa. Wannan bai cutu sosai ba, gaskiya ce. Ma'aikaciyar jinya mai samun 6,000 da ke kashe 5,500 a haya da mota da yara: harajinta 1,265, a cire 300, saura 965, kashi 16. Attajirin da ke samun 50,000 a wata, ko ya yi facaka da wuya ya kashe fiye da 10,000: harajinsa 2,300, a cire 300, saura 2,000. Kashi 4. A tsarin yanzu, saman albashin irin wannan mutumin ana cire masa fiye da kashi 30. Gwamnati kuwa ba za ta rage abin da take kashewa ba don an canza hanyar karɓa, kuma kusan rabin kuɗin da gwamnatin tarayya ke samu daga harajin kuɗin shigar mutane yake fitowa. Abin da aka ɗauke wa na sama dole wani ya ɗauka, kuma na tsakiya ne zai ɗauka.

Mu da muka tashi muna ganin ana auna zakkar shinkafa bayan girbi ba ma buƙatar farfesa ya fahimtar da mu wannan. Sai dukiya ta kai nisabi ake fitar da zakka, kuma gwargwadon abin da Allah ya hore wa mutum yake bayarwa. Ba a cewa kowa ya bayar gwargwadon tuwon da ya ci. Ba ina cewa haraji zakka ba ne, kowane da hukuncinsa, amma a can na fara koyon cewa ƙarfin mutum ake dubawa kafin a ɗora masa kaya.

Yanzu ga naka halin, wanda ya fi na mutanen ukun nan muni. Ɗalibi mai bizar F-1 awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma a cikin makaranta. A shekaru biyar na farko ba a cire masa kashi 7.65 na fansho da lafiya da ake cire wa sauran ma'aikata. Harajin albashinsa ɗan kaɗan ne, don mafi yawan abin da yake samu yana matakin ƙasa na kashi 10 zuwa 12. Kuɗin da iyayensa suka turo masa daga gida kuwa ba kuɗin shiga ba ne a idon doka, ba a cire komai a kai. Wato harajin da kake murnar za a soke kusan bai shafe ka ba. Wanda za a kawo kuma a kanka zai sauka kai tsaye: duk dalar da ta fito daga kuɗin fadama, bayan an canza ta a farashin da ka sani, za ta sake rasa kusan kwatarta a wurin biyan haya da cefane. Dala 300 ɗin nan ma kada ka sa ta a lissafi, domin sharaɗinta sai mai lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke bayarwa don aiki da haraji, kuma ɗalibi baƙo ba ya samun lambar sai ya samu aiki tukuna.

Za ka ji masu goyon bayan ƙudirin suna cewa farashi zai sauka idan aka cire wa kamfanoni haraji. Tambaye su daga ina sauƙin zai fito. Babban ɓangaren abin da suke kira harajin da ke ɓoye a cikin farashi, harajin albashin ma'aikata ne. Ko dai ma'aikaci ya ɗauki albashinsa cikakke farashi ya tsaya inda yake, ko a rage albashin farashi ya sauka. Ba za a samu duka biyun da kuɗi ɗaya ba.

Sai batun kauce wa biya. Haraji na kashi 30 da ake karɓa a wuri ɗaya tak, hannun mai sayarwa na ƙarshe, gayyata ce ga cinikin bayan fage. Mutumin Kamba da ya ga abin da ya faru da shinkafa bayan rufe iyaka a Agustan 2019 ya san cewa idan tazarar farashi ta yi faɗi, hanya ba ta ƙarewa. Shi ya sa ƙasashen da ke karɓar haraji mai yawa a kan saye suke bin tsarin VAT, inda ake karɓa mataki-mataki, kowane ɗan kasuwa rasit ɗinsa na tona na wanda ya sayar masa. Ingila na karɓar kashi 20, Jamus 19, kuma dukansu suna nan da harajin albashinsu. Na san abokanka za su kawo Saudiyya, inda ba a cire haraji a albashi. Man fetur ke riƙe da gwamnatin can, kuma da farashinsa ya faɗi a 2020 sai da suka ninka VAT sau uku, daga kashi 5 zuwa 15. Tambayi alhazan da suka je bayan nan.

Mu ma a gida mun yi irin wannan muhawarar, ba da jimawa ba. VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Ƙudirorin harajin 2024 sun nemi a ƙara shi, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon da aka zo da shi, aka yi ta ja-in-ja. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta bar shi a 7.5, ta kuma yafe harajin albashi ga mai samun naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara. A lokacin kai da bakinka ka ce mini ƙarin VAT talaka zai kashe. To hujjar ba ta canzawa don an ƙetare teku.

Game da Teksas, gaskiya ne jihar ba ta karɓar harajin albashi, haka ma Filorida da wasu 'yan jihohi. Amma na tarayya yana bin ka duk jihar da ka je. Jihar tana fanshewa ne ta harajin saye da harajin gidaje mai nauyi, wanda mai gida ke sakawa cikin kuɗin hayarka ba tare da ya faɗa maka ba. Huston gari ne da zama babu mota ke da wuya, kuma ko tsohuwar mota ka saya a hannun wani, sai ka biya kashi 6.25 kafin a mayar da takardun zuwa sunanka. Ina jin daɗin zama a nan, akwai masallatai, akwai 'yan Najeriya da yawa, babu tsananin sanyi. Ka zo don waɗannan, ko don sashen da ya ba ka tallafi, ban da don haraji. Makarantar da ta yafe maka kuɗin karatu ta kuma ba ka aikin taimaka wa malami, ko a jiha mai tsadar haraji take, ta fi wadda za ka biya da kanka a Teksas nesa ba kusa ba.

Abin da zai same ka da gaske idan Allah ya kawo ka shi ne wannan. Kowace shekara za ka cike wa hukumar haraji fom 8843 ko da ba ka samu ko sisi ba. Idan ka yi aiki, za ka haɗa da 1040-NR, fom ɗin harajin baƙi, kafin 15 ga Afrilu. Kada ka yarda wani ya cike maka fom ɗin 'yan ƙasa don ka samu rarar kuɗi mai tsoka. Akwai masu yin wannan sana'ar a cikin namu, kuma ƙaryar tana iya dawo maka ranar da ka zo neman takardun zama. Babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, saboda haka rangwamen da za ka ji wasu ɗaliban Indiya ko Sin suna samu bai shafe ka ba. Idan tallafinka ya haɗa da kuɗin ɗaki da abinci, makaranta na iya riƙe kashi 14 na wannan ɓangaren. Sannan ka riƙa bin labarin biza daga ofishin jakadanci kai tsaye, domin a Yulin 2025 an rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, kuma ƙa'idojin suna sauyawa da sauri.

Kada ka sake yi wa Baba maganar fadama sai takardar I-20 ta zo hannunka. A jikinta makaranta ke rubuta abin da shekara guda za ta ci da abin da ta ɗauke maka. Ka ɗauki hotonta ka turo mini, zan ƙara kuɗin inshorar lafiya da haya na gaskiya na garin da za ka, mu ga giɓin da ya rage. Idan giɓin na shekarar farko ne kawai, ni da Yaya za mu ga abin da za mu iya haɗawa. Idan na shekara biyu ne cur, sai ka jira zagaye na gaba ka nemi inda za su ba ka tallafi. Ka gaida Inna, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.