Bodin motar rimot ta ciki ake fesa shi

Yaron shago ne ya tambaya: "Maigida, an kawo mana bodin motar rimot, na roba garai-garai, ana hango ciki ta waje. Mai shi yana son launin tutar Nijar, tsanwa da fari da ruwan lemo, da lamba 7 a ƙofa. Na gwada ragowar fentin mota a kan wani tsohon bodi, da na lanƙwasa shi sai fentin ya fashe yana zuba. Fentin ne ya lalace, ko hannuna ne?"

Fentin lafiyarsa lau, yarona, inda ka kai shi ne ba wurinsa ba. Robar nan sunanta folikabonet, masu harkar sun fi kiran ta Lexan. Kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, na motocin tsere ma wajen 0.7 ne. An yi ta ne don ta sha karo, ta lotsa, ta dawo daidai. Shi kuwa fentin mota don ƙarfe aka haɗa shi, in ya bushe ƙandarewa yake yi. Roba ta tanƙwara, shi ya ƙi, dole ya fashe. Ruwan tsinka shi ma ya fi shi ɓarna. Tina da asetan (ruwan goge fentin farce) da fetur duk cin folikabonet suke yi: ta yi hazo, ƙananan tsaga su bazu a jikinta, ran da ta fara karo da bango ta dare gida biyu. Kada ko tsumman da ya taɓa tina ya kusanci bodin nan.

Fentin da ya dace iri biyu ne. Akwai na gwangwani, irin na Tamiya mai harafin PS, mililita 100, wanda ke ɗan cizon robar ya manne. PS-1 fari, PS-5 baƙi, PS-12 ruwan azurfa. Ka duba harafin da kyau, don kamfanin yana da wani mai TS, wancan na roba mai tauri ne, a kan Lexan ɓarewa zai yi kamar naka. Sai na kwalba mai haɗin ruwa, irin su Faskolor da Createx, galibi mililita 60, shi ake zubawa a ƙaramar bindigar feshi. In da hali ka yi aiki guda da dangi guda. In ta kama sai ka haɗa, to kada ka kwarara na gwangwani a bayan na ruwa da bai bushe sarai ba, yamutsewa zai yi.

Ta ciki ake fesa bodin nan. Robar ita ce ƙyallin, ita ce kuma ke kare fentin in mota ta kife tana jan ƙasa. Saboda haka komai juyewa yake. A jikin mota kana fara share fage, ka kawo launi, ka gama da zane da layuka. A nan layukan su ne farko, share fagen shi ne ƙarshe. Abin da ya fara taɓa robar shi ido zai gani har bodin ya mutu, duk abin da ka ƙara daga baya a bayansa yake zama. Mai fentin mota in ya ga aibi sai ya goge da sanfefa ya sake. Kai ba ka da wannan gatan, da zarar launi na biyu ya hau bayan na farko an rufe ƙofa.

Kafin fenti, ɗora bodin a kan motar tun ana hango ciki. Yi alama da alƙalamin maka inda sandunan riƙo za su fito, da zagayen tayoyi. Ka huda ramukan, ka yanke gefen da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa. Wanda ya bari sai ya fesa, lalube zai yi. Akwai siririyar leda a manne ta waje, ka bar ta, tana tare feshin da ya kauce, kuma a kanta za ka zana fasalin aikin. Rubuta lamba 7 ɗin daidai ta waje. In ka leƙa ta ciki za ka gan ta a juye, haka ake so, ka bi layin kawai.

Sai wanki. Daga masana'anta akwai maiƙon da ke hana roba manne wa abin zubi, ga kuma na hannayen da suka taɓa ta a hanya. Ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa na wanke-wanke, ka cuɗa cikin har lungunan bamba, ka ɗauraye sosai, ka bar shi ya bushe. Daga nan yatsanka ba ya sake taɓa ciki. Fentin ruwa ba ya cizon roba, don haka ana ɗan goga cikin da ɓangaren soso kore mai kaushi, a hankali, har ƙyallin ya dushe. Kada ka damu, da fenti ya hau ba a ganin ƙarzar. Tagogi da fitilu dai ka tsallake su, haka duk inda za a sa fentin madubi, don shi sai a kan roba sumul yake haske. Ka liƙa takardun rufe taga da suka zo da bodin, ka bi bakinsu da farce ka danne.

Rufe inda ba ka son fenti ya taɓa shi ne rabin aikin. Ka san yadda mata ke liƙa salatif a ƙafa kafin ƙunshi, inda aka rufe ya fito fari. To haka ne, sai dai kai rufe duka za ka yi, kana buɗewa gida-gida. In zanen layuka ne miƙaƙƙu, salatif ɗin takarda ya isa. In akwai lanƙwasa da lamba, robar rufi ta ruwa ta fi. Da buroshi ake shafa ta, shafi 3 ko 4, kowane ya bushe kafin na gaba. Nan ne yara ke rowa, su yi shafi biyu, in an zo ɓarewa ta riƙa tsinkewa guntu-guntu ana tsinta da farce. Mai kauri kuwa a jawo ɗaya take tasowa. Ka bar ta ta kwana. Washegari ka sa sabuwar aska mai tsini, ka bi zanen da kake hangowa ta ciki. Nauyin askar kaɗai ya isa. In ka danna har ka ji ta kama robar, ka shata mata inda za ta tsage ke nan, don da haka ma ake yanke Lexan: a ja layi da aska, a lanƙwasa, ta ɓalle. Ka yanka duk layukan gaba ɗaya kafin fenti ya rufe maka gani.

Bindigar da nake so ka riƙe ita ce mai kofi a sama, mai kunama mai aiki biyu. In ka danna ƙasa iska ta fito, in ka ja baya allura ta janye fenti ya biyo. Ka'idarta: iska farko, fenti ya biyo, fenti ya tsaya, sannan iska. In ka saki duka lokaci guda, ɗigo zai tsaya a bakin allura, dannawa ta gaba ta tofa shi a tsakiyar aikinka. Ga fentin ruwa allura mai milimita 0.5 ta fi sauƙin sha'ani, mai 0.3 sai an tsinka fenti sosai, ta siririn layi ce da inuwa. Ƙarfin iska a ma'aunin bar ya zama 2 zuwa 2.5 in kana cika wuri, nisa santimita 10 zuwa 15. In siririn layi ne, ka sauke iska zuwa wajen bar 1.5, ka matso santimita 2 ko 3, ka ja kunama kaɗan. Wajen tsinkawa fara da ɗigo 1 na ruwan tsinkawar kamfanin cikin ɗigo 10 na fenti, ka ƙara in ya ƙi fita. Ka tace shi ta ƙyallen safar nailan, gudaji ɗaya ya isa ya toshe baki.

Ba a bodin mutane za ka koya ba, abu ne da ake yo odarsa daga nesa. Tara robobin ruwan sha, ka tsaga su, ka wanke, ka fesa ta ciki kana dubawa ta waje. Ɗigo-ɗigo tukuna, sannan layi, sannan layin da ya fara da faɗi ya ƙare da tsini. Ka gwada jerin launukan ma a kansu.

Ga yadda na tutar zai tafi. Mai duhu ke shiga gaba. Ɓare gidan lamba 7 da siraran layukan da ke raba launuka, ka fesa baƙi. Shafin farko hazo-hazo kawai, har kana ganin kamar ba ka yi komai ba. Shi ke toshe bakin rufin, ya hana na baya kutsawa ƙarƙashi. Ka sa bindiga ta fuskanci fili daga kan rufin, kada ka hura cikin bakinsa. Shafi 3 ko 4 marasa kauri, kana busarwa a tsakani. Ɗaga bodin ka duba shi a hasken ƙofa, inda haske ya fi ratsowa nan ne da saura.

Sai tsanwa. In ta cika, kada ka yi saurin buɗe gida na gaba. Fesa fari shafi ɗaya ko biyu a bayanta tukuna. Dalili, in ka zo fesa ruwan lemo dole wani ya sauka a bayan tsanwar, in kuwa tana da rauni zai ratso ta, ta waje a ga ta yi dauɗa-dauɗa. Farin nan shi ne katanga, kuma yana ƙara mata haske. Bayan nan ka buɗe gidan ruwan lemo. Shi launi ne mai raki, ko shafi nawa ka yi haske yana ratsa shi, kada ka yi ta jibga masa. Shafi 3 ya isa, fari ne zai tashe shi. Ƙarshe ka ɓare sauran rufin, ban da na tagogi, ka bi cikin bodin duka da fari. In mai motar ba ya son a hango inuwar batir da wayoyi, ƙara ruwan azurfa a bayan farin. Baƙi kai tsaye a bayan fari toka-toka yake mai da shi, in za ka sa, azurfa ta shiga tsakani. Launuka masu ƙyalli kamar na rigar masu aikin hanya su ma fari suke so a baya, waɗanda aka haɗa musamman don haske ya ratsa su suna son azurfa, fentin madubi kuwa baƙi.

In kana son tsanwar ta narke cikin fari babu layi, ba a sa rufi. Ka ja da baya santimita 20, ka nufi gefen da kake son ya fi duhu, ka bar ƙurar feshin ta sauka a ɗaya gefen da kanta. Ka tsaya tun kana ganin bai isa ba. Da fari ya hau baya, duk ɗigon da ido bai gani ba fitowa yake.

Garin nan yana da nasa sharaɗin. Da hunturu robar tana jan ƙura, kana gogewa tana dawowa, kuma duk ƙwayar da ta zauna kafin shafin farko ta zauna ke nan. Yayyafa ruwa a ƙasan shago, rufe ƙofar da ke fuskantar gabas, ka hure cikin bodin da iskar bindiga kafin ka ja kunama. In za ka ajiye, ka kife shi, ka rufa masa kwali. Da bazara, in zafi ya haura 40, fentin ruwa yana bushewa a kan tsinin allura. Za ka ji sautin ya canza, layi ya fara yankewa. Ajiye ɗan buroshi a jiƙe kusa da kai, kana share tsinin a kai a kai. Wani lokaci ma tun a iska yake bushewa, ya sauka kamar gari, ya ƙi kama roba. Matso kusa, rage iska, ka yi aikin da sassafe kafin hantsi ya ɗaga. Da damina kuma ruwa ke taruwa a tankin injin iska da tiyo, kana cikin feshi ya tofo maka. Buɗe ƙasan tanki kullum ka zubar, ka sa matatar ruwa kusa da bindiga. Masu haɗa injin iska da kwamfaresar firiji su sani tana turo tururin mai, in ba matata fenti zai riƙa buɗe ƙananan idanu.

In ka ga fenti ya watsu da ƙafafu, ko ka matso da yawa, ko ya yi ruwa, ko iska ta yi ƙarfi. In kumfa na tasowa a kofi, bakin bindiga ne ya toshe ko bai ɗauru ba. In feshi yana karkata gefe, tsinin allura ya lanƙwashe. Bakin nan ƙarfe ne mai laushi, ɗaure shi da yatsu biyu, in ka matse ya tsage. Tsakanin launi da launi ka wuce da ruwa har ya fito garau, in an tashi aiki ka zare allura ka goge ta daga gindi zuwa tsini.

Ka sa takunkumi. Cikin bodin rami ne, abin da ka hura fuskarka yake dawowa. Na ƙyalle ba ya tare warin na gwangwani, wannan sai mai matatar gawayi.

Wajen busarwa, na'urar busar da gashi a ƙaramin zafi, nesa da kamu guda, hannu yana yawo. Kada ka shanya shi a ranar azahar, kada ka bar gwangwanin fenti a rana. In motar mai injin naitiro ce ba ta batir ba, man da take sha yana narkar da fentin ruwa, sai ka ƙara shafin kariya a bayan komai. Bayan shafin ƙarshe ka ɓare rufin tagogi a hankali, kana jan shi baya a kwance, in fenti ya haɗe da bakinsa ka bi da aska sama-sama. Ledar waje ita ce ƙarshen cirewa, sannan a liƙa sitika. Fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin mintuna, amma bai ƙosa ba, ka ba shi awa 24 ko fiye kafin a ɗora shi a mota. In mai ita ya zo da gaggawa, ka turo shi wurina.