Cabernet mai kama harshe bai lalace ba, yaro

Kai yaro, ka ce wani baƙo ya dawo maka da kwalbar jan wain na inabin Cabernet Sauvignon wai tana kama masa harshe, ta lalace, kana tambaya ko ka canza masa wata. Kar ka kuskura. Baurin nan shi ya biya wa kuɗi, bai san abin da ya saya ba ne kawai. Inabin nan ƙananan 'ya'ya gare shi, fata kuma mai kauri, da fatar da ƙwayar duk ake barin su cikin ruwan har ya tsumu, shi ya sa wain ɗin ke fitowa da duhu da bauri, irin sinadarin nan na bagaruwa da majema ke jima da ita. Ka kawo masa gasasshen nama mai kitse ka ga baurin ya kwanta. Mai son laushi kuwa tun farko wain ɗin inabin Merlot ake nuna masa. Yadda ake buɗe kwalba da zubawa ba zan tsaya a kai ba, in ba ka iya wannan ba koma kicin wajen wanke-wanke.

Lalacewar gaske sau da yawa daga toshiyar kwalba take zuwa, za ka ji warin jiƙaƙƙen kwali da fumfuna, kuma a shaƙar farko ake jin ta, ba ta jira sai an sha kofi uku sannan ta fito. Riƙe wannan da kyau, don a kanta aka cuce ni.

Lokacin ina wani otal a Abuja wani mutum ya zo da baƙinsa, ya sha kwat, agogo na walƙiya, ya ce a kawo masa Pauillac. Ku yaran yanzu da kanku ke cikin waya ba ku ma san Pauillac gari ne ba, a yankin Medoc na Bordeaux a Faransa, gefen hagu na kogin Gironde, ƙasa ce mai tsakuwa da ke riƙe zafin rana, shi kuma Cabernet ba ya nuna da wuri, to nan ne gidansa. Manyan gidajen wain Lafite da Latour da Mouton duk can suke, biyun farko suna sahun gaba tun jerin darajar wain ɗin Bordeaux na 1855, Mouton sai 1973 ya samu shiga. Kwalbar da ya nema ba ta kai na waɗannan ba amma kuɗinta ya fi albashina na wata nesa ba kusa ba. Na nuna masa takardar kwalba, na buɗe a gabansa, na shinshina toshiya lafiya lau, na zo zan ɗiga masa ya ɗanɗana sai ya ɗaga min hannu wai in zuba kawai kar in katse masa hira. Suka ci suka sha ana ta ƙyaƙyata dariya, har ɗaya daga cikin baƙin yana yabon abin. Sai da na kawo bil, saura ɗan guntu a gindin kwalba, mutumin nan ya haɗe rai ya ce wain ɗin ya lalace tun farko, kunyar baƙinsa ce ta hana shi magana, a kira masa manaja. Manajan ya zo jiki na ɓari don yana tsoron manya, ko shinshinawa bai yi ba ya soke kuɗin, washegari aka ce tunda ban sa baƙo ya ɗanɗana ba ni zan biya, aka yi ta yankar albashina wata da watanni, a lokacin matata na da tsohon ciki. Abin da har yau ke ci min rai, guntun da ya rage manajan ne ya shanye shi a ofis, da idona na gan shi, bai ko yamutsa fuska ba. Daga baya wani abokin aiki a wani otal ya ce min mutumin ya yi musu irin ta, sana'arsa ke nan.

To ko gwamna ne ya zauna, ka tsaya ƙyam da kwalbar a hannu sai ya ɗanɗana ya gyaɗa kai, a idon baƙinsa, toshiyar kuma ka ajiye ta kan tebur.

Kuma ka koyi karanta takarda. 'Yan Bordeaux ba su cika rubuta sunan inabi ba, sunan wuri suke sawa, cikin kwalbar kuma gauraye ne, Cabernet da Merlot da ɗan Cabernet Franc. Na Chile da Afirka ta Kudu da Kalifoniya su ke rubuta shi ɓaro-ɓaro, kar kuma ka raina su gaban baƙo, a 1976 a Paris alƙalai Faransawa da kansu suka ɗanɗana ba tare da ganin kwalba ba suka ba Cabernet ɗin gidan wain na Stag's Leap da ke Kalifoniya na ɗaya cikin jajayen wain. In ka ji ƙanshin ɗanyen tattasai shi ma ba lalacewa ba ne, inabin ne bai gama nuna ba aka tsinke.

Gobe ka zo da wuri, na ga katan-katan ɗin da kuka jibge a sito jikin bangon janareta, zafin nan dafa su zai yi. A kwashe su zuwa ɗaki mai sanyi, a kwantar da kwalaben a kwance.