Tambaya da Amsa: Zuwa baje kolin katuna da tsofaffin kayan tarawa

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Chicago. Duk wata ana baje kolin katunan 'yan wasa da na Pokémon a wani zaure kusa da unguwarmu. Ina so in je ranar Asabar da dala 150, amma ban taɓa zuwa ba. Ta ina zan fara?
— Ɗalibi daga Amurka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin daga gida yake farawa. Daren Juma'a ka rubuta katuna biyar zuwa goma da kake so, ka duba farashin kowanne. A shafin cinikin intanet na eBay ka zaɓi sashen kayan da aka riga aka sayar, domin kuɗin da mutum ya ɗora wa katinsa buri ne kawai, wanda aka biya shi ne farashi. Ka ɗauki ciniki uku zuwa biyar na baya-bayan nan, ka riƙe na tsakiya. Na Pokémon kuma ka leƙa shafin sayar da katuna na TCGplayer. Ka rubuta a takarda, don intanet kan yi nauyi idan zaure ya cika.

Kuɗin ka canza su zuwa dala biyar-biyar, goma-goma da ashirin-ashirin. Mai tebur ya fi sallamawa idan ya ga tsaba, tunda babu cajin biya da katin banki a kanta. Ka riƙe ledojin kati masu laushi kamar ashirin, gidajen roba masu tauri goma, da madubin ƙara girma mai ninki goma. Tocilar wayarka ta wadatar.

Idan ka shiga, kada hannunka ya je aljihu sai ka zagaye zauren kaf. Sau da yawa katin da ka gani dala 40 a bakin ƙofa yana can ƙurya dala 30. Mai neman abin da ba a cika samu ba ya yi sammako, mai neman rangwame ya jira sa'ar ƙarshe, lokacin da masu tebur suka fara tattara kaya. Wajen tayi, rage kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba ya ɓata wa kowa rai, musamman idan ka haɗa kati uku ko huɗu ka taya gaba ɗaya. Taya rabin kuɗi kan rufe maka ƙofar ciniki.

Akwai ladabin wurin. Ka nemi izini kafin ka taɓa kati, kada ka zare shi daga leda da kanka, ka riƙe shi ta gefe, ka ajiye abin sha nesa da tebur. Kada kuma ka yi musaya da wani a gaban teburin mutum, kuɗi ya biya aka ba shi wurin. Babban taron ƙasa na masu tara katunan wasanni, wanda aka fara a 1980, yakan sauka a Rosemont kusa da ku, amma ka bari sai idonka ya goge a ƙananan tukuna.

Ta yaya zan gane kati na jabu ne, kuma me ya sa kati iri ɗaya wani dala 20, wani dala 300?
— Mai karatu daga Toronto, Kanada

Malam, lafiyar kati ita ce kuɗinsa, kuma abu huɗu ake dubawa: daidaiton hoto a tsakiya, kusurwoyi, gefuna da fuska. Na farkon ana iya auna shi da rula. Idan gefen hagu milimita 3 ne, na dama 2, rabon ya zama 60 da 40 ke nan. Kamfanin PSA, wanda tun 1991 yake tantance katuna yana ba su maki daga 1 zuwa 10, yana neman kusan 55 da 45 a gaba, 75 da 25 a baya, kafin ya ba da 10. Kusurwa da gefe ta baya ake fara dubawa, domin a kan shuɗin bayan katin Pokémon ne farin gogewa ke saurin bayyana. Fuska kuwa sai ka karkata katin, ka haska tocila daga gefe. A nan ƙarce, lotsawar farce da layin lanƙwasa ke fitowa, abubuwan da fitilar saman zaure ke ɓoyewa. Lanƙwasa ɗaya, ko da siririya ce, tana faɗar da makin kati sosai, ko da sauran jikinsa tas yake.

Batun jabu, hanya mafi inganci ita ce ka je da kati mai araha na gaske daga zamani ɗaya da wanda kake nema, ka jera su. Ka kwatanta launin baya da kaurin rubutu. Sa madubi a kan baƙin rubutu: a na gaske baƙi ne wuluk mai tsaftataccen baki, a yawancin jabu kuwa za ka ga ɗige-ɗigen launuka ne suka haɗu suka yi harafin, saboda hoton katin aka ɗauka aka sake bugawa. Ka dubi kaurin katin ta gefe, na Pokémon na gaske yana da siririn layi mai duhu tsakanin takardu biyu, shi ya sa haske ba ya ratsa shi sosai. Girmansa milimita 63 ne da 88. Idan ya ɗan gaza ɗan'uwansa, wataƙila an datse gefensa ne don kusurwoyi su yi kaifi, kuma kamfanonin tantancewa ba sa ba irin wannan maki.

Wani lokaci katin na gaske ne, bugun ne daban. Misali, katin Pokémon mai suna Charizard na 1999 mai lamba 4/102 iri uku ne: mai hatimin bugun farko a hagu ƙarƙashin hoto, marar inuwa a gefen hoto, da gama-gari, kuma tazarar kuɗinsu babba ce. An sake fitar da mai kama da shi a 2016 da lamba 11/108, sannan a 2021 da tambarin cikar shekara 25. Ka karanta ƙananan rubutun ƙasa kafin ka taya.

Katin da kamfanin tantancewa ya rufe cikin kwanson roba ma kada ka sakankance. Ka shigar da lambar shaidarsa a shafin kamfanin, idan akwai hoto ka kwatanta shi da na hannunka, domin 'yan damfara kan kwafi lamba ta gaske. Idan bakin kwanson ya yi fari-fari kamar an ɓalle an sake liƙewa, ka ajiye ka wuce.

Ɗana mai shekara 11 ya nace sai na kai shi, kuma abin da yake so shi ne rufaffun fakiti. Ina jin tsoron kada abin ya zama caca.
— Wata uwa daga Landan

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma ba ke kaɗai ba ce. A 2001 malaman fatawa na Saudiyya sun haramta katunan Pokémon, cikin hujjojinsu har da kama da caca. Hukunci na malamai ne, ki tuntuɓi wanda kika amince da shi. Mu abin da muka sani shi ne lissafi. Kundin sitika na kamfanin Panini na gasar kofin duniya ta 2018, wanda Ahmed Musa ke ciki, gurbi 682 gare shi, kowane fakiti sitika biyar. Ko da ba a samu maimaici ko ɗaya ba sai an sayi fakiti 137, ga shi maimaici ba makawa ne, yana ƙaruwa yayin da kundi ke cika. Amfanin baje koli ke nan: yaro ya je da jerin lambobin da suka rage masa da tarin maimaicinsa, ya yi musaya ko ya sayi ɗai-ɗai abin da idonsa ya gani.

Abin da muke hana iyaye kai tsaye shi ne ƙunshin sa'a da mai tebur ya haɗa da kansa, da kaɗa ƙuri'a a kan kati guda. Cinikin biri a sama ne, wanda ya ƙulla shi kaɗai ya san abin da ke ciki. Tsofaffin fakiti na warwatse ma akan auna su a sikeli a ware masu nauyi, tunda kati mai ƙyalli ya ɗan fi nauyi, wasu kuma buɗewa ake yi a sake liƙewa. Ki ba shi kuɗinsa a ambulan tun daga gida, kuma duk musayar da zai yi da babba ki kasance a tsaye.

Na gaji gwangwani cike da anini da kwabo masu huda daga kakana a Zariya. In wanke su kafin in kai wa masu saye?
— Mai karatu daga Manchester

A'a, Malam, kada ka wanke, ko da lemun tsami, ko da toka, ko da man goge ƙarfe. Wanki yana cinye fatar kuɗin ya bar ƙarce, masu saye kuma nan take suke ganewa su karya farashi. Ka ware su bisa shekara. An fara buga masu hudar a 1907, kuma aninin 1907 da wasu na 1908 na alminiyam ne, ka ajiye su daban. Ka nemi ƙaramin harafin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga su. Na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas mutane kan ɗauka dukiya ce saboda bai shekara a kan mulki ba, amma an buga su da yawa, ba su da tsada.

Ka kai wa tebur uku kafin ka sallama. Mai tebur ba zai biya cikakken farashin kasuwa ba, don shi ma riba zai nema ya kuma biya kuɗin wuri, kuma gama-garin kwabbai a dunƙule yake sayensu. Kada ka bari a tsince masu kyau a bar maka ragowar, sai dai idan farashin waɗanda aka tsinta ya gamsar da kai.

Zan dawo Kano da katunana. Yaya zan adana su?
— Ɗalibi daga Malesiya

Leda mai laushi da farko, sannan gidan roba mai tauri, a jera su a tsaye cikin akwati mai murfi. Ka guji ledar PVC, tana fitar da maiƙo da ke manne wa kati, kuɗin ƙarfe ma tana sa musu kore. Kada ka ɗaure kati da roba, tana lotsa gefe. Katuna masu ƙyalli suna lanƙwashewa saboda takarda na shan danshi ta kumbura, ɓangaren ƙyallin kuwa ba ya motsi, don haka damina ta karkata su gefe guda, hunturu ya mayar da su ɗayan. Ka sa 'yan ƙunshin silika mai tsotse danshi biyu ko uku a akwatin tun daga watan Yuni, ka riƙa canza su, ka ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara, ka nisanta shi da taga da ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai tsaye.