Tambaya da Amsa: Shin allurar eksozom tana warkar da ciwon suga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon suga, sai na ga wani talla a Facebook cewa akwai allurar eksozom da ke farfaɗo da masu samar da insulin a jiki. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Eksozom wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe ne da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa, faɗinsu bai wuce nanomita 30 zuwa 150 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). An fara ganin su a 1983, aka ɗauka shara ce kawai ƙwaya ke zubarwa, sai a 2007 masu bincike a ƙasar Suwidin suka nuna cewa suna ɗauke da RNA, wato sinadarin da ke ɗaukar saƙon umarni a cikin ƙwaya, da ke iya sauya aikin ƙwayar da ta karɓe su. Tamkar wasiƙa suke tsakanin gaɓoɓi, kuma ba kowace wasiƙa ke ɗauke da alheri ba.

Ƙwayoyin beta, waɗanda ke cikin fankiriyas a bayan tumbi kuma su ne ke samar da insulin, suna aika irin wannan saƙo, suna kuma karɓa. A nau'i na ɗaya na ciwon, inda garkuwar jiki ke kashe ƙwayoyin beta, an samu wasu sinadarai masu suna GAD65 da IA-2 a cikin eksozom ɗin da suke fitarwa, alhali waɗannan sinadarai suna cikin abubuwan da garkuwar ke kai wa hari. A 2019 kuma masu bincike a birnin Lozan na Suwizalan suka nuna cewa eksozom daga wasu fararen ƙwayoyin jini suna kai wa ƙwayoyin beta ƙananan RNA, ciki har da miR-155, waɗanda ke jawo mutuwarsu.

A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa a cikin manya, saƙon kan fito ne daga kitse. A 2017 a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego an ɗebo eksozom daga ƙwayoyin garkuwa da ke cikin kitsen ɓeraye masu ƙiba aka zuba wa marasa ƙiba, sai jikinsu ya rage jin insulin; da aka juya gwajin, aka zuba wa masu ƙiba na marasa ƙiba, sai masu ƙibar suka samu sauƙi. Wannan ne ya sa ake sa ran magani, amma ki lura, a ɓera aka yi shi.

A ganina mai tallan ya riga malam masallaci. A watan Disamba na 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikin kayan eksozom ba, bayan da wasu marasa lafiya a jihar Nebraska suka galabaita sakamakon irin wannan allura. Kada Hajiya ta daina maganinta ko awon suga, kuma ki nuna wa likitan da ke duba ta tallan kafin ki kashe ko sisi.