Shekara 17 a sojan Amurka, an tura ni kwamitin likitoci: zan rasa fansho?

Ka ce ciwon baya ya sa aka tura ka kwamiti, saura shekara 3 ka cika 20 ɗin da ake buƙata don fansho. Ɗan'uwa, komai ya rataya ne a kan ko nakasarka ta kai kashi 30 cikin 100.

Kwamitin farko, MEB, yana tattara cututtukan da suka gaza ƙa'idar ci gaba da aiki. Na biyu, PEB, shi ke yanke ko ka iya aikinka. Ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA, ita ke saka kason nakasa. In cututtukan da suka hana ka aiki sun kai kashi 30, ritayar lafiya ce, da kuɗin wata-wata da inshorar lafiya ta TRICARE. Ƙasa da haka kuɗin sallama ne sau ɗaya, albashin wata 2 kan kowace shekara, kuma yawanci VA za ta cire shi daga abin da za ta biya ka.

Inda ake tafka asara shi ne rahoton likita na MEB. Ciwon da ba a rubuta ya hana ka aiki ba, ba ya shiga lissafin kashi 30, ko da VA ta amince da shi. Kada ka sa hannu sai ka karanta. Nemi wani likita daban ya duba rahoton, ka rubuta ƙorafi, ka haɗa da takardar kwamandanka. Lauyan soja kyauta ne, kuma wa'adin amsa gajere ne ƙwarai.

In PEB ta yanke ba daidai ba, nemi zaman gaba da gaba. Ka kuma nemi izinin ci gaba da aiki har ka cika 20. In a sojan ƙasa kake, shekarunka sun isa ka nema.