Tambaya da Amsa: A Jos Baƙo, a Kano Ɗan Jos

Tambaya: Malam, a unguwar Gangare da ke Jos aka haife ni, nan kuma aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo daga ƙasar Kano a zamanin haƙar kuza. Idan maganar takardar shaidar ɗan asali ta taso sai a ce mu baƙi ne, idan kuma na ziyarci dangi a Kano sai su kira ni ɗan Jos, suna yi wa Hausata dariya. Shin ni ɗan ina ne?

Amsa: Ɗana, ban ɗauki maganar takarda da wasa ba, domin ta shafi gurbin karatu da samun aiki, kuma taƙaddamar da ke kanta, wadda ta ƙara zafi bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tana cikin abubuwan da suka jawo zubar da jini a 2001 da 2008. Sai dai abin da jami'i ya sa wa hannu daban, abin da ya raine ka kuma daban.

Wanda ya raine ka shi ne kakar da ta koya maka durƙusa wa manya, da malamin allo, da maƙwabtanka Birom da Jarawa waɗanda kuka haɗa aji da filin ƙwallo, har da sanyin garin da jikinka ya saba da shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, saboda haka ba abin kunya ba ne harshenka ya ɗauko launin Filato.

Danginka na Kano kuwa, da sun dubi cikin ganuwarsu da sun sassauta dariya. Sunayen unguwannin Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Dandalin Turawa (a da, Larabawa ake kira Turawa) shaida ne cewa Nufawa da Barebari da Larabawa sun zo a matsayin baƙi, suka zauna, suka yi auratayya, yau jikokinsu Kanawa ne ba musu. Haka ma kalmar Jasawa, wato Hausawan Jos, zama ne ya haife ta.

Shawarata ita ce, tun tsofaffin gidanku suna raye, ka zauna da su ka naɗi labarinsu a wayarka: garin da kakanka ya baro, da ramin kuzar da ya yi aiki, da wanda ya fara ba shi masauki a Jos.